Daga Samonda Zuwa Alakia: Tarihin Jirgin Sama da Fataucin Mutanen Sabo

Duk wanda ya taso daga Mokola ya bi ta Sango zai nufi Jami'ar Ibadan, in ya kai Samonda zai ga manyan gidaje masu katanga da kantuna na zamani a gefen titi. In ka tare yaro ɗan shekara ashirin daga cikin yaranmu na Sabo ka ce masa a nan wurin jirgin sama yake sauka a da, sai ya yi maka kallon mai tatsuniya. Alhali kuwa haka abin yake, sunan ma bai ɓace ba, don har gobe rukunin gidajen nan da sunan tsohon filin jirgin ake kiransa. Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne aikin faɗaɗa filin jirgin sama na Alakia da gwamnatin Jihar Oyo ta ƙaddamar cikin 2024, wanda ya sa aka rufe filin na wasu watanni cikin 2025. Masu masaukinmu suna ta murna cewa Ibadan za ta sami filin da ake tashi zuwa ƙasashen waje, mu ma muna taya su. To amma ya kamata mu zauna mu tambayi kanmu, mu da rabin zuciyarmu da rabin dukiyarmu suke Arewa, me filin jirgin sama ya taɓa tsinana mana, kuma wane iri ne yake da amfani gare mu?

Kafin a kai ga jirgin sama sai an fara da ƙafa. Kakannin kakanninmu fatake ne, da jakuna da takarkarai suke zuwa Gwanja neman goro, tafiyar da kan ci watanni, wani lokaci ma shekara ta zagayo ayari bai komo gida ba. Da Turawa suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Ikko, ta iso Ibadan cikin 1901, ta kai Kano cikin 1911, sai harkar ta juya. Ko a lokacin ma da sauran aiki, domin a Jebba sai an ɗora taragu a kan jirgin ruwa an ƙetare Kwara da su, har zuwa wajen 1916 da aka gama gada. A cikin wannan shekara ta 1916 ne kuma aka keɓe wa Hausawan Ibadan wannan unguwa tamu ta Sabo. Goron da a da sai an je Gwanja, ga shi ana nomansa a Agege da Ifo da Ota da Shagamu. Shanu su gangaro kudu, goro ya haura arewa, Sabo tana tsakiya tana riƙe da igiya biyu.

Mai karatu ya lura da irin hajar nan biyu, don a nan ne asirin maganar yake. Goro ɗan lele ne, ba ya son zafi, ba ya son iska, in huhu ya daɗe ba a kwance an sake masa ganye ba sai ya bushe ko sankara ta shige shi. Farashinsa kuma ba ya zama wuri ɗaya, abin da aka sayar da safe a Kano ba lalle ne a same shi da la'asar ba. Shanu kuwa in sun shigo kurmi kwanakinsu ƙidayayyu ne saboda ƙudan tsando da sammore, tilas a sayar da su da wuri, kuma yawanci bashi ake ba mahautan gari, maigida na Sabo shi ne mai lamuni. Wani masani daga Ingila, Abner Cohen, wanda ya zauna cikinmu a 1962 da 1963 ya kuma fitar da littafi a kan Sabo cikin 1969, abin da ya fi ba shi mamaki ke nan: yadda dukiya mai yawa take yawo tsakanin Ibadan da Arewa ba takarda ba sa hannu, sai amana da saurin labari. Dattawanmu ba su ga abin mamaki a ciki ba, su dai sun san wanda ya riga jin farashi shi ke cin kasuwa, wanda kuma ya makara wajen bin bashi ya sha.

Saboda haka tun farko matsalar ɗan kasuwar Sabo ba ta ɗaukar kaya kaɗai ba ce. Kaya suna da jirgin ƙasa, daga baya suka sami manyan motoci. Matsalar ita ce yadda shi kansa maigida zai isa Kano ko Zariya ko Jos ya ga abokin cinikinsa ido da ido, su yi lissafi, ya karɓi abin da zai karɓa, ya komo kafin baƙin da ya bari a gida su ƙosa. Ana buga waya a gidan waya, ana ba ɗan amana wasiƙa da ajami ya shiga jirgi da ita, amma Bahaushe ya riga ya yanke hukunci cewa zuwa da kai ya fi aike. Jirgin ƙasa kuwa daga Ikko zuwa Kano ya fi awa talatin, in bai yi latti ba ke nan. Zuwa da komowa da kwanakin da za a yi a can, mako guda ya tafi.

Jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan ne a Kano, ran 1 ga Nuwamba 1925, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a filin sukuwa. Wannan na soja ne, ba ruwansa da fasinja. Sai cikin 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanya daga Hartum zuwa Kano, ta El Obeid da El Fasher da Janaina da Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, da Maiduguri. Wanda ya san tarihin aikin hajji zai ga ai wannan ita ce hanyar da alhazanmu suke bi da ƙafa shekara da shekaru, jirgi ya zo ya bi sawunsu ta sama. Kafin shekarar ta ƙare aka miƙa hanyar zuwa Ikko, ana yada zango a Kaduna da Minna da Oshogbo. A lura, Oshogbo aka zaɓa, Ibadan duk girmanta sai dai ta ji ƙarar jirgi yana wucewa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, Turawa suka riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana suna tuƙa su ta Ikko da Kano da Maiduguri zuwa Masar, dubbai aka wuce da su ta wannan hanya. Yaƙin ne ya bar wa ƙasar nan filaye da yawa da ma'aikatan da suka san aikin.

Bayan yaƙi, cikin 1946, aka kafa kamfanin jiragen sama na ƙasashen Afirka ta Yamma huɗu da ke ƙarƙashin Ingila, wato Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, wanda aka fi sani da WAAC. Ya fara aiki cikin 1947 da wasu ƙananan jirage da ake kira Dove, waɗanda fasinjansu bai fi a ƙirga da yatsun hannu ba, kuma kusan duk Turawan mulki ne da manajojin kamfanoni. Amma wajen 1950 sai kamfanin ya yi wata dabara da ta shafe mu kai tsaye. Ya kawo wasu jirage masu ƙaton ciki ƙirar Bristol, ya rage kuɗin kujera, ya buɗe hanya mai rahusa wadda ta taso daga Ankara ta Gana, ta biyo Ikko, ta sauka Ibadan, ta wuce Jos, ta ƙare a Kano. Sunan da suka raɗa wa wannan jirgi shi ne Hausa Flyer, wato jirgin Hausawa. Daga Ikko zuwa Kano kamar awa huɗu, a maimakon kwana da yini cikin tarago.

Mu tsaya a kan wannan suna kaɗan, don ba a banza Bature yake raɗa suna ba. Waɗanda suka zana wannan hanya sun duba ne suka ga su wane ne ke kai da kawowa tsakanin bakin teku da Arewa ba fashi, rani da damina, ba don gwamnati ta aike su ba. Suka ga mutanen zangon Ankara ne, da na Ikko da Agege, da na Sabon Ibadan, da masu harka a Jos ta ma'adinin kuza, da Kanawa. Wato jirgin ya bi hanyar goro ne da shanu, zango bayan zango, kamar yadda madugu zai tsara tafiyar ayari. Yau shekara saba'in da wani abu ke nan, kuma a iya saninmu na masu bin wannan hanya, ba a sake zana wata hanyar jirgin sama da ta dace da bukatar mazauna zango kamar wannan ba. Jiragen Bristol ɗin ba su yi dogon kwana ba, ɗaya daga cikinsu ya faɗi kusa da Kalaba cikin Fabrairu 1955, mutum 13 suka rasu, aka dakatar da sauran. Amma an riga an ɗanɗana, an kuma gane nesa tana iya zuwa kusa.

Kada mu yi wa tarihi ƙarya, ba kowa ne a Sabo ya hau jirgin sama a wancan zamani ba. Masu hawa 'yan kaɗan ne, manyan masu gidaje da dillalan da abin hannunsu ya kai, su ma ba kullum ba, sai in magana ta taso wadda ba ta jiran jirgin ƙasa. Sauran jama'a tashar Dugbe suka sani, daga baya kuma bayan babbar mota a kan buhuna. Akwai ma dattawan da har suka koma ga Allah ba su yarda sun shiga abin da ba ya taka ƙasa ba, in ban da tafiyar Makka, ita ma don ba yadda za su yi ne. Sai dai tafiyar mutum ɗaya takan ɗauki bukatar mutum hamsin. In aka ji maigida wane zai bi jirgin gobe, tun daren ake yi masa sallama, wannan ya kawo wasiƙa, wancan ya kawo kuɗin da za a kai wa iyaye, wani kuma saƙon baki ne kawai zuwa ga mai shanun da ake jira. Jakarsa ita ce gidan wayar unguwa, ita ce kuma bankinta.

Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne kusancin Samonda. Daga Sabo zuwa can tafiyar 'yan mintoci ce a tasi, kuma tsohuwar kasuwar shanu ta Sango tana nan maƙwabtaka da filin. Mutum zai yi sallar asuba a masallacin unguwa, ya karya kumallo a gidansa, ya leƙa kara ya ga abin da ya kwana, sa'an nan ya ƙarasa filin jirgi. Ginin ɗan ƙarami ne, ma'aikatan sun san fuskokin masu zuwa, ba dogon layi, ba a ce ka zo awa biyu kafin lokaci. Daga inda aka auna jakarka kana hangen jirgin, da ƙafa za ka taka ka hau. Masu rakiya suna tsaye bakin waya har ya ɓace musu. A can Kano ma haka, filin jirgin yana manne da gari, kana sauka ka ɗan taɓa tafiya sai ga ka a Fagge ko Kantin Kwari. Wanda bai yi irin wannan tafiya ba zai ɗauka saurin jirgi a sama shi ne kome. Ina! Ɗan kasuwa daga ƙofar gidansa yake fara ƙidaya, zuwa ƙofar wanda zai gani.

Ran 1 ga Oktoba 1958 Nijeriya ta ware nata kamfanin, wanda ya zama Nigeria Airways, mai tambarin giwa da fukafukai. Cikin shekarun 1960 ya kawo jiragen Fokker F27 masu farfela, masu ɗaukar mutum kamar arba'in, waɗanda aka ƙera su musamman don gajerun hanyoyi da ƙananan filaye irin na Samonda. A ganinmu wannan jirgi shi ne jakin sama: ba shi da kyan gani, ga ƙara kamar injin niƙa, amma ba ya zaɓen wurin sauka. Da kuɗin man fetur suka shigo bayan yaƙin basasa, sai idon hukuma ya koma kan manyan jirage marasa farfela, Fokker F28 da Boeing 737. Su kuwa waɗannan suna son dogon titi da sarari, ga shi kuma garuruwa sun yi girma sun kewaye tsofaffin filayen. Daga nan aka shiga kwashe filayen jirgi ana kai su bayan gari. Na Ibadan ya koma Alakia a kan hanyar Ife cikin 1982, da titin sauka mai tsawon mita 2,400. Na Kaduna ya bar Mando ya yi nisa da gari. Na Jos ya koma Haifan. A Sakkwato ma unguwa guda ce yanzu ake kira da sunan tsohon filin jirgi. Na Kano da na Binin ne suka tsaya inda suke, gari ya zo ya rungume su.

A takarda an ci gaba, don sabon fili ya fi tsohon girma da kayan aiki nesa ba kusa ba. A ƙasa kuwa, mutumin Sabo ya tarar an sa masa Iwo Road tsakaninsa da jirgi, kuma duk wanda ya san cunkoson wannan mahaɗa ya san ba a yi mata alkawarin lokaci. Wannan ma ƙaramin abu ne a kan babbar matsalar da ta riga ta faɗo wa filin tun kafin a buɗe shi. Cikin 1978 aka buɗe babban titin Ikko zuwa Ibadan, tafiyar da ba ta fi kilomita 130 ba ta koma awa ɗaya da rabi a mota mai lafiya. Cikin Maris 1979 kuma aka buɗe sabon ginin filin Murtala Muhammed a Ikeja. To wa zai sayi tikitin jirgi daga Ibadan zuwa Ikko? Kuma wane kamfani ne zai ajiye jirgi a Alakia yana jiran mutum ashirin, alhali ga ɗaruruwa suna turereniya a Ikeja? Haka filin Alakia ya zama kamar shagon da aka buɗe a gindin babbar kasuwa. Shekaru da yawa ciyawa ta fi fasinja yawa a wurin.

Mu kuma sai muka koma bin Ikeja. A nan 'yan'uwanmu na Agege suka fi mu morewa, don su jirgi ta kan rufin gidajensu yake sauka, mu kuwa sai mun yi sammako mun bi titi, ko mu kwana wurinsu. Shekarun 1980 da farkon 1990 su ne zamanin da talaka mai ɗan rufin asiri ya fi hawa jirgi a ƙasar nan. Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air cikin 1980, Cif Gabriel Igbinedion na Binin ya kafa Okada Air cikin 1983, Alhaji Ahmadu Chanchangi ya biyo baya da nasa cikin 1994. Jirgi ya zama kamar motar haya: ka zo da kuɗinka a hannu, ka yanki tikiti a nan take, in an buɗe ƙofa kowa ya sa gudu, mai babbar riga ya tattare ta, don kujera ta wanda ya riga zama ce. Har sunan Okada ya tsallaka ya koma kan baburan haya da muke kira acaɓa a gida, saboda su ma ba sa jiran cunkoso. 'Yan canjinmu na Sabo, waɗanda harkarsu ta buɗe sosai bayan an karya darajar naira cikin 1986, sun san wannan zamani da kyau. Ba a tura kuɗi ta waya a lokacin, banki kuma in ka ba shi kuɗi a Ibadan sai ka yi kwanaki kana jiran su bayyana a Kano. Jaka ake cikawa a rungume ta a cinya, a je a dawo a yini ɗaya in Allah ya sa jirgin yamma bai fasa ba.

Shi kuwa Nigeria Airways tun ƙarshen shekarun 1970 yake ciwo. An ɗauko Turawan KLM na ƙasar Holan su riƙe shi daga 1979 zuwa 1981, kamar yadda aka ɗauko Indiyawa su riƙe reluwe a wannan lokaci. Da suka tafi bashi ya ci gaba da taruwa, jirage suna raguwa, har aka rufe shi cikin 2003. Mutuwarsa ta fi cutar da ƙananan filaye, domin shi kamfanin gwamnati ne, yakan sauka a garin da ba riba don an umarce shi. Ɗan kasuwa mai jirgi kuwa inda kujeru za su cika yake zuwa, ba kuma za mu ga laifinsa ba, mu ma ba ma kai goro garin da ba a ci.

Akwai wani canji da ba a cika lura da shi ba, wato komawar gwamnatin tarayya Abuja ran 12 ga Disamba 1991. Tun daga ranar hanyoyin jiragen cikin gida suka koma kamar zaren gizo mai cibiya biyu, Ikko da Abuja. Wannan ya ɗan farfaɗo da Alakia, don malaman jami'a da 'yan siyasa da 'yan kwangila na Ibadan suna da abin yi a Abuja, kuma kamfanoni irin su Overland masu ƙananan jirage sun riƙe wannan hanya, tafiyar kamar awa guda. Wasu kamfanonin sun sha zuwa su gwada su janye. Amma mu ba ma'aikatar gwamnati muke nema ba. Mu Dawanau muke nema, da Kwari, da Singa, da kasuwannin shanu na Maigatari da Potiskum da Illela, da gidajen iyayenmu. Wanda ya tashi daga Alakia yana son Kano, sau da yawa sai ya sauka Abuja ya sake sayen wani tikitin ya zauna jira, kuɗi biyu, yini guda. In kuwa ya ce zai ƙarasa ta ƙasa, kowa ya san abin da hanyar Abuja zuwa Kaduna ta zama a shekarun baya, har jirgin ƙasan da aka fake a cikinsa aka tare shi ran 28 ga Maris 2022.

Gaskiya ne wayar hannu da ta shigo cikin 2001 ta ɗauke rabin dalilan tafiya. Farashin goro da na tumatir yanzu a kunne ake jinsa kafin a sauke kaya, kuɗi kuma ta waya suke tafiya, an huta da rungumar jaka. Kuɗin jirgi ma ya kori mutane da yawa, tun daga Fabrairu 2022 da kamfanoni suka mai da mafi ƙarancin tikiti naira 50,000, daga nan kuma sama ya yi ta yi. Sai dai akwai abin da waya ba ta yi. Ba a sasanta rikicin bashin miliyoyi ta waya, ba a duba garke ta hoto a ce an gani, ba a neman aure ta waya, kuma in aka ce mahaifiyarka tana kwance a asibiti a Kano tana kiran sunanka, ba kuɗin tikiti kake tambaya ba, tambayarka ita ce yaushe jirgi zai tashi kuma daga ina. Mu da muke binne mamaci a ranar da ya rasu, awa uku da aka ɓata a Kara ko Berger a zamanin da aka shafe shekara goma ana gyaran titin Ikko tun daga 2013, su ne bambancin samun jana'iza da samun zaman makoki. Da yawa daga cikinmu sun ɗanɗani wannan, ba sai an ba su labari ba.

Kada kuma a ce mun rufe ido ga haɗarin filin jirgi a tsakiyar jama'a. Ran 4 ga Mayu 2002 jirgin kamfanin EAS da ya tashi daga Kano zai zo Ikko ya faɗa kan gidaje a Gwammaja, mutum fiye da ɗari suka rasu, da yawansu suna cikin ɗakunansu ne ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Bayan wannan ne gwamnati ta hana jiragen BAC 1-11 ɗaukar fasinja. Ran 3 ga Yuni 2012 kuma jirgin Dana ya faɗi a Iju-Ishaga, dab da Agege, da mutum 153 a cikinsa, ban da na ƙasa. Allah ya jiƙan musulmin da suka rasu. Don haka ba muna cewa a mai da jirgi Samonda ba ne, wannan ya wuce, gidaje sun cinye wurin. Alakia ɗin ma da ake ganin daji ce a 1982, yau gari ya cim mata ya wuce.

Abin da muke cewa shi ne, girman fili dabam, amfaninsa dabam. In an ƙara tsawon titi an gina babban zaure, alhazanmu za su ji daɗi in har an fara kwasarsu daga nan a maimakon Ikeja, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga tsofaffi. Amma hajji sau ɗaya ne a shekara. Abin da zai taɓa kasuwancinmu na yau da kullum shi ne ƙaramin jirgi mai kujera hamsin ko saba'in da zai tashi da safe ya nufi Kano ko Kaduna ko Sakkwato kai tsaye, ko da sau biyu ne a mako, a ranakun da aka sani ba sa canjawa. Sa'an nan a tabbatar akwai fitilu da na'urorin da za su sa a iya sauka bayan magariba da lokacin hazo, domin ƙananan filaye da yawa a ƙasar nan da faɗuwar rana suke rufewa, kuma tafiyar yini ɗaya ba ta yiwuwa in ba jirgin komowa da dare. Muna kuma fatan girman da filin zai yi ba zai kawo mana dogayen layuka da shingaye irin na Ikeja ba, don ƙanƙantarsa ita ce abin da masu binsa suka fi yabawa.

Wasu sun riga mu gane cewa ba a zama a jira. Mutanen Jihar Imo da kansu suka yi karo-karo tun zamanin Gwamna Sam Mbakwe suka gina filin Owerri, aka buɗe shi cikin 1994. Filin Asaba da ya fara aiki cikin 2011, 'yan kasuwar Anacha ne suka fi cika shi, gada kawai suke ƙetarewa. Jihar Ogun ta gina nata a Iperu, kusa da 'yan'uwanmu na Sabon Shagamu, cibiyar goro. Mu ba gina fili aka ce mu yi ba, an riga an gina. Abin da ya rage mana shi ne mu nuna wa masu jirage cewa akwai fasinja, kamar yadda Turawan WAAC suka gano da kansu a 1950. Kamfani ba ya jin roƙo, lissafi yake ji.

Shawarar da muke kawowa gaban shugabannin ƙungiya ita ce a sa sakatarori na Sabo da Bodija da Shasha da Akinyele da Ojoo su buɗe littafi na wata uku, duk wanda ya yi tafiya Arewa a rubuta garin da ya je, da abin da ya hau, da abin da ya kashe, da kwanakin da ya yi. A haɗa da 'yan canji da masu gwari da masu shanu da masu goro, har da mata masu zuwa sarin atamfa da kayan ɗaki a Kano, don su ma ba kaɗan ba ne. In an tattara, sarakunanmu su jagoranci wakilai a kai wa gwamnatin jiha da kamfanonin da ke sauka a Alakia. Muna kuma roƙon dattawan da suka taɓa tashi daga Samonda, ko iyalan da suka gaji tsohon tikiti ko hoton rakiya a bakin filin, su taimaka su kawo ofishin ƙungiya a ɗauki hotonsa a mayar musu da abinsu, za mu buga su a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.